Muhawara: Wa ya kashe rukunin Pac-12 a gasar jami'o'i ta ƙwallon ƙafa irin ta Amurka (American football)?

Malam Habibu: Jama'a, na gaji da jin ana yabon rukunin Big Ten, ɗaya daga cikin rukunonin jami'o'in da ke wasa da juna. Wannan rukuni ya sace jami'o'i huɗu daga Pac-12, wato USC da UCLA da Oregon da Washington, waɗanda suka koma can a 2024, sauran ma suka watse zuwa wasu rukunoni, aka bar Oregon State da Washington State su biyu kacal a rukunin da asalinsa ya samo tun 1915. Kuɗin gidajen talabijin ne suka jawo wannan ɓarna, kuma yanzu ɗalibi zai tashi daga Los Angeles ya ratsa ƙasar baki ɗaya har New Jersey don wasa ɗaya, ga karatu yana jiransa.

Hajiya Rabi: Malam Habibu, ka janye kalmar sata. Babu wanda ya ɗaure USC da igiya ya ja ta. Shugabannin jami'o'in ne suka hango kuɗin talabijin na Big Ten, wadda ta ƙulla yarjejeniyar kimanin dala biliyan 7 da tashoshin Fox da CBS da NBC, suka nemi shiga da ƙafarsu. Idan wannan sata ce, me za ka kira tafiyar Texas da Oklahoma zuwa rukunin SEC a 2024 ɗin?

Nasiru: Hajiya, kada ki sako SEC a maganar sata. Mai neman ɓarawo ya nufi Michigan ta Big Ten, wadda aka samu ma'aikacinta Connor Stalions da laifin leƙen asirin alamun da masu horar da abokan karawa ke yi wa 'yan wasansu, har aka dakatar da mai horar da ita Jim Harbaugh wasanni uku a ƙarshen kakar 2023. Da wannan suka ɗauki kofin ƙasa da kuke alfahari da shi.

Dakta Auwalu: Ƙanena Nasiru, lokacin da Michigan ta doke Alabama ta SEC 27 da 20 a wasan kusa da na ƙarshe na Rose Bowl, Stalions ya daɗe da barin aiki, kuma kowa ya riga ya sauya alamunsa. Abin da ke damunku shi ne tun da mai horar da Alabama Nick Saban ya ajiye aiki a Janairun 2024, kuma aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi a fili tun 2021, fifikon da kuke da shi wajen tara zaratan matasa ya ragu.

Nasiru: Yaya Dakta, kana nufin a ɓoye muke biya kenan a da? Kawo hujja. SEC ta ci kofi sau bakwai a jere daga kakar 2006 zuwa ta 2012, sannan LSU da Alabama da Georgia suka riƙe shi daga 2019 zuwa 2022. Shekara biyu ko uku ba sa goge wannan tarihi.

Hajiya Rabi: Tarihi ba ya shiga fili. Ku dubi Indiana ta Big Ten, wadda a da kowa ya san ta da ƙwallon kwando ne kawai, amma mai horarwa Curt Cignetti ya zo daga jami'ar James Madison ya kai ta wasannin sili ɗaya ƙwale tun a kakarsa ta farko.

Nasiru: Ai shi ma 'yan wasan James Madison ya kwaso ya taho da su. Wannan ba sata ba ce?

Malam Habibu: Ni fa maganar Oregon State na kawo, kuma har yanzu babu wanda ya ce uffan a kanta.

Dakta Auwalu: Nasiru, sauya sheƙa doka ta yarda da shi, kuma ƙungiyoyinku ma suna cin moriyarsa kowace shekara.

Alhaji Sani: Tun da ni ne babba a cikinku, bari in taƙaita. An amince cewa Big Ten ba ta saci kowa ba, kuma an amince cewa ragama ta bar hannun SEC, domin Ohio State ta Big Ten ta lallasa Tennessee ta SEC 42 da 17, ta fitar da Texas, sannan ta doke Notre Dame ta ɗauki kofi a Janairun 2025 ba tare da wani tabo ba. Kofin Michigan kuwa, Nasiru ya faɗi gaskiya, akwai ƙura a jikinsa. Malam Habibu kuma ya yi haƙuri, tun da Pac-12 ta gayyato Boise State da wasu jami'o'i don ta farfaɗo.

Dakta Auwalu: Alhaji, da girmanka, ban amince da abin da ka faɗa kan Michigan ba, kuma babu wanda ya ambaci Ohio State kafin kai.