Magina sun tafi, haihuwa ta matso: yaya kuka yi da ƙura da warin fenti?

Ta Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina wata bakwai, lissafin asibiti ya nuna watan Janairu, tsakiyar sanyi ke nan. Magina sun kwashe kayansu ranar Alhamis. An yi mana silin na POP, an sa tayil a ɗaki da falo, an sake filastar bangon da damina ta ci. Fenti kawai ya rage. Haihuwa ta biyu ce, ba zuwa wankan gida, a ɗakina zan yi jego kuma a nan za a yi suna. Yanzu ko'ina fari fat, har cikin tukwanen da na kife. Maigida na so a shafa fenti cikin satin nan a huta, ni kuwa ko turare ba na iya shaƙa. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Uwargida, Gyallesu:
Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya. Abu na farko, ki ajiye tsintsiya. Ƙurar POP ba ta jin shara, kina sharewa tana tashi sama, ki juya baya ta sauko ta zauna inda take. Lokacin da aka yi namu, yara sun yi shara har hannu ya yi kanta, gari na wayewa sai ka ce ba a taɓa ba. Wata maƙwabciyata ce ta ce a je wurin 'yan katako a samo dusar katako, a yayyafa mata ruwa ta yi laima kawai, a baza a ƙasa sannan a share. Dusar ce ke kama ƙurar. Wallahi ranar na ga kalar tayil ɗina.

Kuma daga sama ake farawa: silin, fukafukan fanka, saman ƙofa, ragar taga, bango, sai ƙasa a ƙarshe. Tsumma mai ɗanshi, a matse shi sosai, ruwan bokiti da ya yi fari a zubar a sake. In aka kwara ruwa da yawa ƙurar kwaɓewa take yi, ta shige tsakanin tayil ta bushe, sai an bi da buroshi. Ragar taga ce mutane ke mantawa, ita ce ma'ajiyar ƙurar, iska na kaɗawa ta dawo da ita ɗaki. Katifa da labule da kayan jariri kada su shigo sai kin shafa hannu a saman ƙofa kin ga ba komai. Ke kuma ki kira ƙannenki su yi, ki zauna a tsakar gida kina ba da umarni.

Mai fenti, Sabon Gari:
Hajiya, a ba Alhaji haƙuri, satin nan ya yi wuri. Siminti sai ya yi kwana 28 yake cika ƙarfinsa, sabuwar filasta ma mukan so ta samu kamar sati huɗu kafin fenti ya hau. In aka shafa a kan ɗanyen bango, gaba kaɗan za ki ga yana kumbura yana ɓarewa, wani farin gishiri na fitowa ta ƙasa, sai a ce mai fenti ne ya cuci mutane. Ku gwada: a manna leda a bangon da salatif, a rufe gefenta duka, a bar ta ta kwana. In da safe ta yi gumi ta ciki, bango bai bushe ba. Sa'arku ɗaya, iskar hunturu ta fara, bushewa ba za ta yi wuya ba in ana barin tagogi a buɗe.

Ɗakin da jariri zai kwana fentin ruwa za a sa, warinsa ba ya daɗewa. Fentin mai shi ne matsala, don da tina ko kananzir ake sirka shi, wasu ma har fetur, kuma warin kan yi makonni a rufaffen ɗaki. Ni in na samu gida mai mai ciki, ƙofofi cire su nake yi in kai waje in fenta, su sha iska a can. Ƙarafan taga kuwa su nake fara yi tun kafin bango.

Angon ƙarni, Hanwa:
Malam mai fenti ya faɗi gaskiya, amma abokan sana'arsa su ma a yi musu magana. Nawa mai fentin ya karɓi kuɗi ya ce Litinin, Litinin ɗin ba ta zo ba sai da madam ta haihu, don haihuwar ta riga lissafi da kusan sati uku. Daga asibiti gidan Hajiyarmu a Tudun Wada muka wuce, can aka yi suna, gidan da na kashe wa kuɗi ko ɗan barka ɗaya bai gani ba. Kada a cika wa kowa kuɗinsa sai ya gama ya kwashe ɓaraguzansa. Ku duba magudanar banɗaki kuma, leburori a nan suke wanke kwanon siminti, ya daskare a cikin bututu. Namu sai da aka fasa tayil. Tunda akwai yaro babba a gidan, a samo maganaɗisun tsohuwar sifika a ɗaura igiya a ja a tsakar gida, za ku sha mamakin ƙusoshin da zai kwaso.

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Anti, ni ta ɓangaren da nake gani a wurin aiki zan yi magana. Masu sa tayil kan kawo asid don cire tabon siminti. Kada a kuskura a haɗa shi da Hypo ko Jik, ko a zuba ɗaya a kan ɗaya a banɗaki. Iskar kulorin yake tayarwa. An taɓa kawo mana yarinya 'yar aiki tana tari ido jajur, numfashi da ƙyar, daga wankin sabon banɗaki ne ƙofa a rufe.

Idan akwai tsohon fentin mai a ƙofa ko taga da za a kankare, ki bar gidan ranar, ke da yaron. Tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a ciki, kuma ƙurarta tana ratsawa har ga ɗan da ke ciki. Ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can daga duwatsun zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. A jiƙa wurin kafin a kankare, a goge da ɗanyen tsumma, a yar da tsumman.

Sai abin da ya fi damuna, kafur. Mata su wanke kayan jariri tas, su jera a sabuwar wadrof, su watsa ƙwayoyin kafur don kyankyaso. Akwai jariran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini, G6PD, ya fi yawa a maza, kuma ba ya da wuyar samu a ƙasar nan. Irin waɗannan kafur na farfasa musu ƙwayoyin jini, shawara ta taso da ƙarfi cikin kwanakin farko, in ba a yi sauri ba ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a gane su da ido, don haka a raba kayan jariri da kafur gaba ɗaya. Fiya-fiya ma kada ta shiga ɗakin. A gyara ragar taga, a samo gidan sauro mai magani, a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a ɗaura.

Kaka, Kwarbai (jikata ke rubuta min):
'Yan nan, mu a zamaninmu daɓe ake yi a zuba makuba, a shafe bango da farar ƙasa, a jera tasoshi, shi ke nan ɗaki ya fito, ba wari ba ciwon kai. To zamani ya canja. Amma duk cikinku ba wanda ya tambayi inda za a girka tukunyar ruwan wanka. Kwana arba'in ana hura itace safe da yamma, in kusa da sabon bango ne kafin suna ya yi baƙi ƙirin. A zaɓi lungu tun yanzu, nesa da tagar maijego. Wannan tayil naku kuma santsi gare shi, ga ruwan zafi ga ganyen darbejiya ga mace ɗanyen jiki. A shimfiɗa abin takawa a banɗaki, a sa kujera 'yar tsugunno mai ƙarfi. Wadda za ta zo zaman jego ita ma a tanadar mata wurin kwana, kada a cika ɗaki da kujeru a bar tsohuwa a bakin ƙofa.

Malamar asibiti, na ji zancen kafur na kuma yarda. Amma ɗakin jego ba turaren wuta? Ai ƙarni sai ya kori 'yan barka.

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Ranki ya daɗe Kaka, ban hana ba. A fitar da jariri, a turara ɗaki, a buɗe taga hayaƙi ya fita sannan a dawo da shi. Abin da ba na so shi ne kaskon garwashi ya kwana a ɗaki an rufe ko'ina saboda sanyi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kama shi. Haka janareta, a nesanta shi da taga.

Maman biyu, Dogarawa:
Ni jere zan taɓo. Sabon kafet ki bar shi a naɗe sai bayan suna, don tsakanin kunu da miya da fitsarin yaran 'yan barka nawa bai ƙara komawa daidai ba. Amma tayil a watan Janairu ba a taka shi da asuba, ki sayi leda mai arha ko manyan tabarmi a kasuwar Sabon Gari ki shimfiɗa, in taro ya watse a naɗe. Labule mai kauri wanda zai wanku ya fi mai ado, ƙurar hunturu ba ta san an yi gyara ba. Gado kuma a janye shi daga jikin taga da kuma bangon da aka yi wa sabuwar filasta.

Uwargida, Gyallesu:
Maman biyu, tabarma dai. Sabuwar leda ita ma warin roba gare ta, mai ciki ba za ta iya zama da shi ba. In dole sai ita, a baza ta a tsakar gida ta sha iska kwana biyu kafin ta shiga ɗaki.