Neman kalmar Hausa: mi za mu kira Antroposin?

Jama'a ina shirya darasin labarin ƙasa ne ga ɗalibaina a nan Katsina sai na ci karo da kalmar Antroposin, wato zamanin da aikin mutum ya fara barin alama cikin ƙasa da duwatsu yadda ko bayan dubban shekaru in an haƙa za a gani. Masu haƙar rijiya sun san zancen, ka wuce yashi ka tarar da jar ƙasa ka tarar da marmara, kowane hawa da lokacinsa. To yanzu akwai hawan leda da siminti da tokar gawayi.

Da farko na rubuta Zamanin Ɗan Adam, fassara kai tsaye, sai wani yayana malami a Daura ya ce ƙanena wane ɗan Adam ɗin? Manomin gero na Mai'adua da masu masana'antun Ingila laifinsu ɗaya? Wlh na rasa amsa, don Afirka duka hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba.

Kuma su kansu masanan ba su sasanta ba fa. Wani masanin kimiyya Paul Crutzen ya yaɗa kalmar a 2000, aka kafa kwamiti a 2009, suka yi ta bincike har 2023 suka zaɓi tafkin Crawford a Kanada ya zama shaidar farkon zamanin saboda lakar ƙasansa ta riƙe burbushin sinadarin bam ɗin nukiliya na wajen 1950, amma da aka zo ƙuri'ar amincewa da Antroposin a matsayin sabon zamani a Maris 2024 mutum 12 suka ƙi, 4 suka yarda, aka ce muna nan cikin zamanin Holosin da ya fara shekara 11,700 da suka wuce. Wasu na cewa a fara ƙirga daga 1610 bayan mutuwar miliyoyin 'yan asalin nahiyar Amurka, wasu daga injin tururi, ka ga duk shekarar da ka zaɓa akwai wanda ka nuna wa yatsa.

Maganar bam ɗin nan ma ba nesa da mu take ba, Faransa ta gwada nata a Reggane cikin hamadar Aljeriya a Fabrairun 1960, har Najeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961 kan gwaje-gwajen.

Wata ta kawo Zamanin Jari-hujja, na ce Hajiya wannan hukunci ne aka riga aka yanke, kuma Tarayyar Sobiyat ma ta ƙona gawayi ta tayar da bama-bamai. Zamanin Sawu ya yi daɗin faɗa amma sawu iska ɗaya ta hunturu ta share shi.

Ni dai na tsaya kan Zamanin Tabo. Tabo ba ya gogewa, kuma yaro na ganinsa zai tambaya wa ya ji ma ƙasa wannan ciwo, daga nan darasi ya buɗe. Yaya ya ce ya yi kama da taɓo na laka in an rubuta ba ƙugiya, na ce to ai lakar ce ma shaidar. Ranar Litinin zan gwada shi a aji, mai wadda ta fi ya kawo kafin nan.