Neman kalma: me za mu kira siris da faralel da Hausa?

1/ Salamu alaikum 'yan uwa masu wayarin da masu haɗa sola na Agege, Idi-Araba da Alaba Rago. Kalmomin Turanci biyu na haɗin wutar lantarki ne suka dame ni: siris da faralel. Yaron da ke koyon aiki zai gyaɗa kai ya maimaita su tsaf, amma ka miƙa masa ƙwan lantarki biyu da guntun waya, sai ya tsaya yana kallonka. Ina so mu tsayar da sunan da in yaro ya ji, zai ga hanyar da wuta ke bi.

2/ Ga abin da kansa tukuna. Wutar da ake kawo mana gida bolt 230 ce a ƙa'ida. Ɗauki ƙwai biyu irin na da, masu zare a ciki, wat 60 kowanne. In wuta ta shiga na farko, ta fito ta shiga na biyu, sannan ta koma, hanya ɗaya ke nan, shi ne siris. Sai su raba boltin, kowa 115. Zaren zai yi ja, amma ba hasken a zo a gani. A lissafin takarda kowanne rubu'in ƙarfinsa zai ci, a zahiri kuwa yakan ɗan ɗara haka, don zaren da bai yi zafi sosai ba turjiyarsa, wato yadda yake tare wa wuta hanya, ƙasa take. Ka kwance ɗaya, ɗayan ya mutu nan take.

3/ A faralel kowane ƙwai ƙafarsa ɗaya na kan wayar wuta, ɗaya na kan wayar komawa. Kowa ya sami 230 cif, kowa ya yi haskensa cikakke, mita ce kawai ke cin ninki biyu na ƙwai ɗaya. Haka muke wayarin kowane gida, shi ya sa ƙwan ɗaki ya ƙone na tsakar gida bai sani ba.

4/ Wanda ke rikita har manya: haɗa mai wat 60 da mai wat 100 a siris, mai 60 ɗin ne zai fi haske! Turjiyarsa idan ya yi zafi kusan om 880 ce (om shi ne ma'aunin turjiya), ta mai 100 kusan 530. Wuta ɗaya ce ke ratsa su, to bisa dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, mai turjiya babba shi ke kwashe kaso mafi tsoka na boltin. A mayar da su faralel, mai 100 ya karɓi girmansa. Amma fa ƙwan LED ba zai nuna maka haka sarai ba, akwai na'ura a gindinsa. Kuma don Allah in za a gwada wa yara, a yi da batir da ƙananan ƙwayayen tocila, ba da wutar soket ba.

5/ Na gode da amsoshi. Mafi yawa sun ce "haɗin jere" wa siris. Ban yarda ba. Ku duba ƙwayayen rumfunan kasuwar Mile 12 da dare: a jere suke reras a kan waya, kuma faralel ne. In muka ce jere, yaro zai kalli inda ƙwai yake, ba inda wuta ke bi ba. Matsalar "kafaɗa da kafaɗa" da wasu suka kawo wa faralel ke nan ita ma.

6/ Wani dattijo mai gyaran rediyo ya ce su tun da "kai da gindi" suke ce wa siris, yadda ake zura batir biyu a tocila su ba da bolt 3. Baba, wannan magana ce mai kyau, kuma a kan batir ba abin da ya fi ta. Sai dai ƙwai mai zare ba shi da kai ba shi da gindi, ta ko'ina wuta ta shiga ɗaya ne.

7/ Ga abin da ya kwanta mini: siris "haɗin sarƙa", kowane zobe riƙe da na gabansa, ɗaya ya ɓalle an rabu. Faralel "haɗin tsani". An kawo "haɗin reshe", amma reshe tafiya yake ba ya dawowa, wuta kuwa dole ta koma. Tsani yana da doguwar sanda biyu, su ne wayoyin nan biyu, kowane ƙwai mataki ne a tsakaninsu. Cire mataki ɗaya, sauran na nan daram.

8/ Wani malamin kimiyya ya ce a jarrabawar WAEC Turanci za a tambayi yaro. Gaskiya ne, Malam, a koya masa duka biyun. Amma wanda ya gane da tsani, sunan Turanci kawai ya rage masa ya haddace.

9/ Na gwada su a bakin aiki: "Batir biyu masu bolt 12, yi musu sarƙa ka sami 24 na inbata. Yi musu tsani, suna nan a 12 amma caji ya ninka." Ya zauna a baki. Har batir huɗu ma: sarƙa biyu a kan tsani. 'Yan uwanmu na Nijar da ke nan Legas, ku faɗa mana ko tsani haka kuke kiransa a Damagaram da Maraɗi.