Keken dokin sarautar Ingila: zinari ne zalla, kuma zai jure zafinmu?

Ɗan Madani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Keken dokin nan da ya ɗauko Sarki Charles bayan naɗinsa a 2023, zinari ne zalla ko shafe? Kuma in kafinta a nan Madani ta Sudan zai kwaikwayi ƙaraminsa don ɗaukar ango da amarya, ta ina zai fara, me ya fi saurin lalacewa?

Usta Kafinta:
Wa alaikumus salam. Itace ne aka sassaƙa aka lulluɓe da fallen zinari. An gama shi a 1762, zamanin George na Uku. William Chambers ya zana, Samuel Butler ya haɗa. Nauyinsa tan 4, tsawonsa wajen mita 7, dawaki 8 ke jansa, kuma ba sa wuce tafiyar ƙasaita.

Shafen iri biyu ne. Na ruwa: a jiƙa gam ɗin fatar zomo, awo 1 cikin ruwa awo 10, ya kwana, a ɗumama shi amma kada ya tafasa, don in ya tafasa ƙarfinsa ya tafi. A dama da garin alli, a shafa sau 8 zuwa 10, a goge sumul, a bi da jan yumɓu mai laushi, a ɗora fallen, a murza da dutsen aƙiƙ. Shi ya fi ƙyalli, sai dai ruwa na narka gam ɗin. Don haka abin da zai fita waje a damina, na mai ake yi masa: a shafa man kattan (wato man linsid) da aka dafa, a jira har ya yi danƙo ba tare da ya biyo yatsa ba, sannan a ɗora. Mai gaggawa ya ɗora tun man na ɗanye, zinarin ya nutse ya dushe.

Maƙerin Gadarif:
Usta ya yi maganar ado, amma ƙafa ce aikin. Turawa itace iri uku suke sa wa ƙafa ɗaya: cibiya da wanda ba ya tsagewa, sanduna da mai ɗaukar nauyi, kewayen da mai lanƙwasa ba tare da ya karye ba. A nan bagaruwa, wadda muke kira sunut, za ta yi cibiya da sanduna, in an yarda da nauyinta. A busar da ita a inuwa, a toshe bakin gungumen da fenti, in ba haka ba ta tsattsage.

Ƙafar baya a ba ta sanduna 14 da baka 7, wato lanƙwasassun itatuwan da ke haɗuwa su zama kewayen, kowane baka ya hau sanda biyu. Ta gaba 12 da 6, kuma ta fi ƙanƙanta don ta samu wurin juyawa a kwana. Ba gam ke riƙe su ba, zoben ƙarfe ne. Ana yanka shi ya ɗan gaza kewayen ƙafar, a haɗe bakinsa, a kewaye shi da wuta. Ƙafa mai faɗin mita ɗaya da rabi kewayenta wajen mita 4.7 ne, in zafin zoben ya ƙaru da digiri 400, zai buɗe da kusan santimita 2. Nan take a zura shi, a doddoka, a kwarara ruwa kafin itacen ya ƙone. Yana hucewa sai ya matse komai wuri ɗaya. In an rage zoben fiye da kima, sanduna su lanƙwashe. In ba a rage sosai ba, rani ɗaya ya isa ya fara girgiɗi.

Baba Mai Wurno:
In zobe ya saki, ai sai a jiƙa ƙafar a ruwa ta kumbura, ko ba haka ba? Ɗana, in hanya ta kai ka Alƙahira ka leƙa gidan tarihin kekunan sarauta na Bulak, da aka sake buɗewa a 2020. Akwai wanda Napoleon na Uku, sarkin Faransa, da matarsa Eugenie suka ba Khedive Isma'il, mai mulkin Masar, lokacin buɗe mashigin Suez a 1869.

Maƙerin Gadarif:
Baba, a yi mini afuwa, jiƙon nan maganin kwana biyu ne. Itacen na kumbura a cikin zoben da ba ya buɗewa, sai ya murƙushe kansa, in ya bushe ya fi da saki. Gyaran gaskiya a cire zoben, a yanke kaɗan, a sake haɗawa, a mayar da zafi.

Sai batun rataya, wato abin da ke ɗauke da ɗakin da ake zama a ciki. Na Ingilan ba ya kan sifirin, a kan manyan igiyoyin fata ɗakin yake lilo, shi ya sa sarakunan da suka hau shi suka yi ta kukan jijjiga. Ko Charles a wani keken ya tafi wurin naɗin, wanda aka ƙera a Ostireliya aka fara hawa a 2014, mai na'urar sanyaya ɗaki. Kai ɗan'uwa ka sa sifirin mota ƙarama, fata ta zama ado kawai, don iskar rani na busar da ita ta tsage a wurin ɗinki. A ajiye keken a rumfa, a ɗaga ƙafafun daga ƙasa saboda gara, kuma haboob, guguwar ƙurar nan, na lafawa a kaɗe ƙurar da buroshi mai laushi. Tsumma na kankare zinarin.