Darɓa ta rufe mini kuɓewa a bazarar nan, ku me kuka gani a naku lambun?

Uwargida daga Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan lambu a bayan ɗaki, kuɓewa da alayyafo da tumatir a buhuna goma sha biyu, ruwan rijiya nake ba su. Tun da sanyi ya janye zafi ya kankama, sai na ga ganyen kuɓewar yana nannaɗewa, ka taɓa shi ka ji danƙo kamar an zuba ruwan sukari. Da na juya bayan ganyen, darɓa ce dam, ga tururuwa na hawa da sauka. Akwai kuma wasu baƙaƙen tsutsotsi masu ɗigon ruwan lemo, kamar 'yan ƙananan kada, suna yawo a cikinsu. Waɗannan ne suka fi ba ni tsoro, na murƙushe sun fi ashirin. Maigida ya ce a sayo magani a fesa kawai. Kafin nan ina so in ji abin da ya faru da ku.

Malamin makaranta mai ritaya, Kano:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ai ma'aikatanki kika kashe. Waɗannan masu kama da kada 'ya'yan ƙwaron nan ne ja mai sheƙi, mai ɗigo-ɗigo baƙi, wanda bai wuce ƙwayar wake ba. Su da iyayensu darɓa suke ci, kuma guda ɗaya kan cinye ɗaruruwa kafin ya girma. Ni ma na taɓa yin irin taki. Na fesa maganin kanti a kan wakena, komai ya mutu, na yi ta murna. Ba a yi sati biyu ba darɓar ta dawo fiye da da, domin ita ba ta jiran namiji, 'ya'ya take haifa a raye, cikin sati guda su ma sun fara haihuwa. Masu cin ta kuwa sun daɗe ba su dawo ba.

Tururuwar da kika gani kiwo take yi. Zaƙin da darɓa ke fitarwa take sha, ita kuma tana kore mata abokan gaba. Na zagaye gindin shukar da toka, zirga-zirgar ta ragu sosai, sai dai duk bayan ban ruwa sai an sake.

Mai lambun kankana, Gashua:
Malam ya faɗi gaskiya, amma a yi hattara, ba kowane mai ɗigo ne na kirki ba. Akwai wani ɗan'uwansa ruwan goro, ba ya sheƙi, jikinsa kamar an barbaɗa masa ƙura. Shi ganye yake kankarewa har ya koma kamar raga. Na bar shi a kan kabewata ina ce masa baƙon arziki, ya gama da ita. Yanzu tsayawa nake in ga abin da ke bakinsa.

Uwargida daga Zariya:
Innalillahi! Malam, wallahi ban sani ba. Na leƙa yanzu, akwai sauran biyar ko shida, na bar su.

Ɗan'uwanku daga Kura:
Yaya, darɓa da sauƙi, tumatirinki nake ji wa. Mu nan ba za mu manta 2016 ba, shekarar da tsutsar da ake kira Tuta absoluta, mu muna ce mata Sharon, ta share gonaki a Kadawa da kewaye, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma da zafi take ƙarfi. Duba ganyen: in kin ga wani farin tabo kamar leda, ɗaga shi a rana, za ki hango tsutsar a tsakanin fatar ganyen. Shi ya sa fesawa ba ta cika samunta ba. Tun da buhu goma sha biyu ne kawai, hannu ya fi magani. Kowace safiya a tsinke ganyen da ya kamu, a ƙona ko a binne da zurfi, kada a watsar a gefen lambu. In tumatirin ya gama ba da 'ya'ya a tuge shi, kar a bar shi ya zama masauki.

Wata daga Maraɗi:
Mu bedi muke aiki da shi, abin da kuke ce wa darbejiya. Ina daka busassun 'ya'yansa kamar rabin kilo, in jiƙa a lita goma na ruwa ya kwana, in tace da ƙyalle, in sa ɗan sabulu don ya kama ganye. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, sai a yi haƙuri a maimaita bayan sati. Ganyen ma yana yi amma bai kai 'ya'yan ƙarfi ba. Da yamma nake fesawa, saboda rana na kashe ƙarfinsa, kuma ƙudan zuma da safe suke zuwa. Shekarar da na yi ta fesa maganin kanti da hantsi, kabewata ta yi fure kamar me, amma 'ya'yan suna kai girman ƙwai sai su yi rawaya su faɗi. Sai da na koma tsinko furen namiji ina goga wa na macen da hannuna.

Malamin makaranta mai ritaya, Kano:
Ƙari a kan wannan, a daina rushe ɗakin zanzaro. Jikana ya fasa ɗaya a jikin katanga, muka tarar da korayen tsutsotsi a jere ciki, abincin da ta tara wa 'ya'yanta, kuma daga lambuna ta kwaso su. Ƙoƙi-ƙoƙi kuwa ba na yabonsa sosai, duk abin da ya gifta kamawa yake, har ƙudan zuma.

Uwargida daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Jiya da yamma na wanke bayan ganyen da ruwan sabulu, ban da reshen da tsutsotsin nan masu kama da kada suke, na kuma zuba toka. Ƙanena na Kura, na ɗaga ganyen tumatir a rana kamar yadda ka ce, na sami uku masu farin tabo, suna cikin murhu. Kuɗin maganin na ce wa maigida ya riƙe tukuna zuwa Juma'a.