Ina zan kai yara su sha iska a Jidda ba tare da kashe kuɗi ba?

Maman 'Yan Uku:

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda. Wata bakwai ke nan da muka biyo maigida nan, ni da yara uku: babban shekararsa 9, mai bi masa 6, auta kuma 3. A Kano gidanmu mai tsakar gida ne, ga darbejiya a ƙofar gida, yaro in ya fita da safe sai yunwa ta koro shi. Nan kuwa hawa na uku muke, ɗaki biyu da falo, tagogi a rufe saboda zafi. Daga makaranta sai falo, daga falo sai waya. Jiya na tarar da na tsakiyan yana tsere shi kaɗai, daga ƙofar kicin zuwa ƙofar banɗaki, yana ƙirga wa kansa. Wallahi sai da na juya na share ƙwalla.

Sau biyu muka kai su wurin wasa na cikin manyan kantuna. Kati ake zuba wa kuɗi, kafin ka ankara ya ƙare, a fito kuma da kukan abinci. Albashin maigida ba zai ɗauki wannan duk mako ba, ga haya, ga kuɗin makaranta, ga na mutanen gida. Na gwada kai su wani ɗan lambu a unguwarmu wajen ƙarfe biyu na rana a watan Agusta, abin sulu ya ƙona wa auta cinya, muka dawo babu shiri.

Don Allah ku nuna mini inda ake zuwa kyauta, a fili, inda yaro zai yi gudu har ya gaji. An ce muna bakin teku, amma har yau ta tagar mota kawai yarana suka gan shi.

'Yar Hindawiyya:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da haƙuri. A nan aka haife ni, a nan na raini nawa biyar, kuma duk a Kurnish, wato wurin shan iska na bakin teku, suka ƙare ƙuruciyarsu. Matsalarki lokacin fita ce. Mutumin Jidda ba ya fita da rana. Ki bari sai an yi la'asar, rana ta yi sanyi, ku isa kafin magariba. Tekun yana yamma da gari, don haka a cikin ruwa rana take faɗuwa, yara su gani da idonsu.

Ki fara da sabon ɓangaren Kurnish na arewa, wanda aka buɗe a 2017. Ba a biyan ko halala. Akwai ciyawa, akwai lilo da sulu, akwai banɗakuna da wurin sallah, ga doguwar hanyar tafiya da ƙafa wadda mota ba ta hawa. Ki tafi da darduma, fulas ɗin shayi, ruwan sha mai yawa da abincinki na gida. Dafa-duka a kula ta wadatar. Kowa haka yake yi, Larabawa da Indiyawa da mu, ba wanda zai kalle ki. Abin da ke cin kuɗi a wurin shi ne masu askirim da masu hayar keke, shi ya sa nake ciyar da nawa su ƙoshi tun a gida, kuma in gaya musu tun a mota cewa yau babu saye.

Ranar da kika samu hali kuma, ki kai su unguwar Hamra bayan magariba su ga Nafurar Sarki Fahad. Ruwan teku ne ake harbawa sama, ya haura mita 260, da dare a haske shi da fitilu. Tun 1985 take aiki. Wani lokaci a kan kashe ta, don haka kada ki yi musu alkawari mai ƙarfi.

Sai dai ki riƙe wannan: kada yaro ya shiga ruwa inda aka kafa allon hana wanka. Bahar Maliya a nan duwatsun murjani ne a ƙasa, suna yanka ƙafa kamar reza.

Tsohon Direba:

Hajiya, abin da Yaya ta faɗa haka yake. Ni dai abu ɗaya zan ƙara. Daren Alhamis da yammacin Juma'a ku haƙura, domin hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, duk gari can yake nufa, sai ku yi rabin awa kuna neman wurin ajiye mota. Asabar bayan asuba ta fi, ko tsakiyar mako. Kuma in an zo tseren motocin nan na Formula 1, da aka fara yi a Kurnish tun Disambar 2021, a kan rufe wasu hanyoyin wajen. In magariba ta same ku can arewa, ku yi sallah a Masallacin Rahma. A kan ginshiƙai aka gina shi cikin ruwa, in teku ya cika sai ka ce yawo yake a kai.

Baban Ɗalibai:

Maman yara, kada ki manta da Balad, tsohon gari. Ni ina kai nawa ne don su san ƙasar da suke takawa. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan aka mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka, kuma alhazan da suka zo ta teku, har da kakanninmu da suka ratsa Sudan a ƙafa da kan raƙuma, nan suke sauka. An rushe ganuwar garin a 1947, amma Ƙofar Makka tana nan ana ganinta. Gidajen da dutsen murjani aka gina su, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, waɗanda ke shigar da iska ba tare da na waje ya ga na ciki ba. Hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Yawo a lungunan kyauta ne. Ki bari sai daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da gari ya yi sanyi, kuma ki riƙe hannun auta da kyau, don cunkoson kasuwa ba wasa ba ne.

Maman 'Yan Uku:

Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya zuri'a. Mun je, ranar Talata. Yaya, na bi maganarki tiryan-tiryan: na dafa shinkafa da wake tun azahar, na ɗaura manja da yaji a 'yar roba, muka isa saura kamar awa ɗaya a kira magariba.

Na tsakiyan nan da na ba ku labari, da ya sauka daga mota bai ma kalli lilo ba. Takalmi ya cire ya hau ciyawa ya zura da gudu, ya kai ƙarshe ya dawo, ya sake komawa. Babban kuma ya je ya kama ƙarfen da aka kange bakin ruwa da shi ya yi shiru. Can igiya ta daki dutse ta fantsamo masa a fuska, ya lashi leɓe, ya juyo ya ce, "Umma, ashe da gaske gishiri ne." Auta ta gano wata 'yar ƙaguwa tana tafiya a kaikaice kan dutse, ta tsuguna tana yi mata magana har sai da ta shige rami. Kuliyoyi sun kewaye mu da muka buɗe kula, wannan kam ban shirya masa ba, sai da maigida ya zauna gadi.

Kuskurena ɗaya, ban ɗauki kayan canji ba. Iskar wurin mai laima ce, ga gumi, muka koma gida rigunansu sun manne a jiki. Ruwan ma gora huɗu bai isa ba. In ban da man mota, ko riyal ɗaya bai fita daga aljihunmu ba, kuma kafin mu kai gida duka ukun sun yi barci.

Malam, Balad sai sanyi ya shigo in sha Allah, babban ya riga ya fara tambayata ta ina kakanninsa suka hau jirgi. Nafura kuwa Asabar mai zuwa. Yaya, a Hamra ta wane gefe kuke shimfiɗa, inda ake ganinta sosai kuma banɗaki bai yi nisa ba? Da mai shekara 3 dole in san wannan tun daga gida.