Neman kalma: me za mu kira "Union" da "abolition" kafin Alhamis?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za a naɗi shirina na tarihi a rediyo kan yaƙin basasar Amurka, ga kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya. Ina fassara wasiƙar da Janar George McClellan ya rubuta wa Shugaba Lincoln ranar 7 ga Yuli, 1862, daga sansaninsa na Harrison's Landing, bayan ya kasa cin Richmond, babban birnin jihohin Kudu da suka ɓalle. Ra'ayinsa shi ne a yi yaƙi don kare "Union" da tsarin mulki, amma kada ko da wasa a kawo "abolition" ta ƙarfi, domin in aka tsananta kan batun bayi rundunar za ta watse. Sau uku ina rubuta "haɗin kai" ina gogewa, har takardar ta huje.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Tarayya. Ga Tarayyar Turai, ga Tarayyar Afirka, ga tsohuwar Tarayyar Sobiyat. Haɗin kai hali ne, shi kuwa janar ƙasa yake nufi. Kada dai ka ce yuniyan, mai sauraro tasha zai tuna.

Malama Mai Tarihi: Na bi bayan Tarayya. Jihohi 11 da suka ɓalle kuma ka ce 'yan aware, kunne ya saba tun yaƙinmu na 1967. Ta biyun ce mai wuya. Kada ka ce "hana cinikin bayi". Amurka ta hana shigo da bayi tun 1808, amma ƙidayar 1860 ta samu bayi kusan miliyan 4.

Dattijon Nahawu: Ban yarda ba. Tarayya mun riga mun ba wa tsarin fedaraliya, ga gwamnatin tarayya nan. Kalma ɗaya za ta ɗauki kaya biyu? Shekara da shekaru ina cewa a karɓi Dunƙulalliya. Abin da aka dunƙule ba ya rabuwa, kuma hujjar jihohin Arewa ke nan a yaƙin, cewa jiha ba ta da ikon fita.

Bazazzagi: Allah ya gafarta Malam, "sojojin Dunƙulalliya"? Mai karanta shiri zai sarƙe. Uwargida kuma dunƙulen miya za ta ji.

Dattijon Nahawu: Abin da ke kashe harshen nan ke nan. Mutum ya ƙirƙiro kalma daga tushen Hausa tsantsa, a yi masa dariya, amma in gidan rediyon waje ya faɗa sai kowa ya haɗiye. Su wa suka naɗa su sarakunan Hausa?

Ɗan Damagaram: Baba yana da gaskiya a nan. Kullum sai a yanke a Kano ko Kaduna, mu a aiko mana. Ba a taɓa tambayar yadda muke faɗa.

Bazazzagi: To ɗan'uwa, yaya kuke faɗa?

Ɗan Damagaram: Tarayya muke cewa. Tambayar ce dai ba a yi.

Mai Fassara: Don Allah malamai, saura kwana biyu. A dawo kan ta biyun. Na so in ce "'yanta bayi".

Malama Mai Tarihi: A'a ƙanena. 'Yantawa aikin ubangida ne, ya saki bawansa don lada ko kaffara, gobe kuma ya sayi wani. Wannan kuwa tumɓuke tsarin ne gaba ɗaya ta hanyar doka, kamar yadda gyara na 13 ga tsarin mulkinsu ya yi a 1865. Ka ajiye "'yanta bayi" don shelar Lincoln ta 1 ga Janairu, 1863, wadda ta shafi yankunan da ke tawaye kawai. Ga wasiƙar janar, "soke bauta". Kuma kada ka yar da "da ƙarfin tsiya", nan ra'ayinsa yake. Yana so a dawo da Kudu cikin ƙasa ba tare da an taɓa abin da suke kira dukiyarsu ba, alhali dukiyar nan mutane ne masu rai. In ka sassauta kalmar, ka wanke shi. Mutumin nan ne fa ya tsaya takara da Lincoln a 1864, ya sha kaye.

Ɗan Damagaram: "Soke bauta" a rediyo? Wani zai ji kamar ibada aka soke, wa'iyazu billahi.

Malama Mai Tarihi: Wallahi ka yi gaskiya, ban lura ba. To "soke bautar da mutane". Ta yi tsawo, amma babu ruɗani.

Dattijon Nahawu: Wannan jimla ce, ba kalma ba.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Zan ce Tarayya, a farkon shiri in bayyana cewa ƙasar ce a dunƙule, Baba ka ga tushenka ya shiga. Karon farko "soke bautar da mutane", daga nan "soke bauta". Masu ra'ayin soke bauta fa, su Frederick Douglass, me zan kira su?

Dattijon Nahawu: Ka yi shirinka da Tarayya tunda lokaci ya ƙure, amma ban janye ba. Ta su Douglass kuma ina da kalma, sai na duba littafin ajiyata bayan Isha.